Idan Banki Da Mulki Suka Zama Surukai, Wa Zai Tambayi Bashi?

Duk ɗan kasuwa ya san cewa bashin da ya fi wuyar karɓa shi ne wanda aka bai wa suruki. Idan baƙo ya ci bashi ya ƙi biya, ana kai ƙararsa wurin sarkin kasuwa, in abin ya gagara a wuce gidan shari'a. Amma uban matarka ko mijin ɗiyarka, sai ka taka har gida da niyyar tambaya, ku gaisa, a kawo maka ruwa ka sha, ka tashi ba ka ce uffan ba saboda kunya. In dai kuɗin naka ne, asarar taka ce kai ɗaya. Inda magana take ɓaci shi ne idan kuɗin da aka bayar ajiyar jama'a ce, domin a nan kunyar mutum biyu ce za ta cinye gumin mutum dubu.

Wannan shi ya sa a yau muka ga ya dace mu tattauna da ku, ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a, a kan dangantakar da ke ƙulluwa tsakanin manyan gidajen da suka gaji banki iyaye da kakanni da kuma masu riƙe da mulki. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da tattasai a kasuwar Dole ta Damagaram, ko mai shagon atamfa a babbar kasuwar Maraɗi, da auren attajiran Turai? Da ruwansu kuwa. Mafi yawan kuɗin da banki ke juyawa ajiyar mutane ce, kuma hukuma ce kaɗai ke da ikon hana mai banki wasa da wannan ajiya. To idan hukumar da mai bankin suka zama gida ɗaya, wa ya rage da zai ce a'a?

Abin ba yau ya fara ba. A shekarar 1397 wani attajiri mai suna Giovanni, ɗan gidan Medici, ya kafa banki a birnin Filorans na ƙasar Italiya. Bankin ya bunƙasa har ya zama shi ke riƙe da kuɗin fadar Fafaroma, ya buɗe rassa a Roma da Landan da Buruj, wadda ke cikin ƙasar Beljiyam ta yau. Ɗansa Cosimo bai taɓa naɗa rawani ba, amma daga 1434 har rasuwarsa a 1464 da wuya mutum ya samu muƙami a birnin ba da yardarsa ba, saboda da yawa daga cikin manyan gari sunansu na cikin littafin bashinsa.

Jikan Cosimo, wato Lorenzo, shi ne ya mayar da abin auratayya. A 1469 ya auri ɗiyar gidan Orsini, manyan masu sarauta na Roma. A 1488 ya aurar da ɗiyarsa Maddalena ga ɗan Fafaroma Innocent na takwas, ɗan da ya haifa tun kafin ya shiga aikin coci. Shekara ɗaya bayan bikin sai aka naɗa ɗan Lorenzo, yaro mai shekara 13, a matsayin kadinal, wato ɗaya daga cikin manyan da ke zaɓen Fafaroma. A 1513 yaron nan shi ya zama Fafaroma Leo na goma. Daga baya an aurar da ɗiyan gidan guda biyu a gidan sarautar Faransa, Catherine a 1533 da Marie a 1600, dukansu kuma sun zama sarauniya.

To ina labarin bankin? Reshen Landan ya yi ta bai wa sarki Edward na huɗu bashi yana yaƙin neman sarauta da shi, kuma babu bakin hana shi, tunda izinin fitar da gashin tumaki daga Ingila, hajar da bankin ke fatauci da ita, a hannun sarkin yake. Bashin bai dawo ba, reshen ya rufe. Reshen Buruj ya zuba kuɗi ga Charles mai mulkin Burgundi, aka kashe shi a fagen fama a 1477, bashin ya bi shi kabari. Da ramin ya yi zurfi, an zargi Lorenzo da sa hannu cikin baitulmalin birni domin cike giɓin, har da asusun da iyaye ke zuba kuɗi a ciki domin auren ɗiyansu mata. A 1494 jama'ar Filorans suka kori gidan Medici, bankin ya durƙushe. Amma ku lura da ƙarshen labarin: gidan ya dawo, ya ci sarauta har zuwa 1737. Bankin ne ya mutu tare da haƙƙin waɗanda suka amince da shi, surukan sarakuna kuwa ba su kwana da yunwa ba.

Wani zai ce wannan labarin kanzon kurege ne na shekara ɗari biyar, yanzu akwai dokoki da masu bincike da kwamfuta. To mu dubi abin da ya faru a ƙasar Fotugal, cikin tarayyar Turai, a shekarar 2014.

Gidan Espírito Santo ya faro ne a 1869, lokacin da José Maria ya buɗe ɗan shagon canjin kuɗi da sayar da tikitin caca a birnin Lisbon. Ƴaƴansa suka mayar da shagon banki. Ɗaya daga cikinsu, Ricardo, wanda ya shugabanci bankin daga 1932 zuwa 1955, aminin Salazar ne, mutumin da ya mulki ƙasar da ƙarfin tsiya daga 1932 zuwa 1968. A gidan Ricardo ne aka sauki tsohon sarkin Ingila a 1940. Bayan juyin mulkin 1974, gwamnati ta ƙwace bankuna a watan Maris na 1975, aka tsare wasu ƴan gidan, saura suka watsu zuwa Barazil da Suwis da Ingila. Da iska ta juya, suka dawo tare da tallafin bankin Crédit Agricole na Faransa, suka sake sayen bankinsu tsakanin 1991 da 1992.

Jikan Ricardo ta wajen ɗiya, mai suna Ricardo Salgado, shi ya riƙe bankin sama da shekara 20. Ƴan ƙasar sun laƙaba masa suna da ke nufin mai komai da komai, domin gidan na da hannu a kamfanin tarho na ƙasa, da inshora, da otel-otel, da asibitoci, da manyan filaye. Mutanen da suka yi aiki a ƙarƙashinsa sukan fita su zama ministoci. Ɗaya daga cikinsu shi ne Manuel Pinho, ministan tattalin arziki daga 2005 zuwa 2009. A 2024 wata kotun Lisbon ta yanke masa ɗaurin shekara 10, bayan ta tabbatar cewa yana kan kujerar minista gidan na biyan shi kimanin Yuro dubu 15 kowane wata a ɓoye, wato kusan sefa miliyan 10. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Yadda aka yi wasan shi ne abin da muke so ku riƙe da kyau. Sama da bankin akwai wasu kamfanonin gidan da aka yi wa rajista a ƙasar Luksambur, waɗanda ke ɗauke da bashi mai nauyi. An gano cewa ɗaya daga cikinsu ya ɓoye bashin Yuro miliyar 1 da miliyan 300 bai rubuta a littafinsa ba. Domin ciyar da waɗannan kamfanoni, sai aka riƙa sayar wa masu ajiya takardun bashin gidan a kan gishen bankin. Tsoho ya zo da kuɗin fanshonsa, ko wanda ya shekara talatin yana aikin gini a Faransa ya zo da abin da ya tara, ma'aikacin da ya saba gani ya ce masa ga wata ajiya mai riba fiye da ta da, kuma babu haɗari. Ya sa hannu. Bai san cewa kuɗinsa sun bar asusun ajiya, wanda doka ke karewa, sun koma bashin da ya bai wa gidan Espírito Santo ba.

A wani ɓangaren kuma akwai reshen bankin na ƙasar Angola, inda wasu janar-janar na kusa da shugaban ƙasa ke cikin masu hannun jari. An ba da bashin da ya kai dalar Amurka miliyar 5 da miliyan 700, kuma da aka zo bincike an kasa tantance waɗanda suka karɓi mafi yawansa. A ƙarshen 2013 shugaba José Eduardo dos Santos ya sa hannu cewa gwamnatinsa ta tsaya wa bashin. A watan Agusta na 2014 aka janye wannan lamuni. Alkawarin mai mulki yana tsayawa ne iya inda amfaninsa ya tsaya.

Abin takaici, babban bankin ƙasar Fotugal ya san da ramin tun ƙarshen 2013, amma Salgado ya ci gaba da zama kan kujerarsa har watan Yuli na 2014. A watan Yuni an bar bankin ya sayar wa jama'a sabon hannun jari na sama da Yuro miliyar 1. A watan Yuli shugaban ƙasa da kansa ya fito ya kwantar wa mutane hankali, bisa tabbacin da babban bankin ya bayar. Ranar 30 ga watan aka bayyana asarar sama da Yuro miliyar 3 da rabi cikin wata shida. Daren Lahadi 3 ga Agusta aka raba bankin gida biyu, aka zuba Yuro miliyar 4 da miliyan 900 domin tsayar da sabon banki mai suna Novo Banco, mafi yawan kuɗin rance ne daga baitulmalin gwamnati. A kuɗinmu wannan ya haura sefa miliyar 3.200, wato ya fi kasafin kuɗin gwamnatin Nijar na shekarar 2014 gaba ɗaya.

Waɗanda kuɗinsu ke cikin asusun ajiya na gaskiya sun tsira. Waɗanda suka sayi hannun jari a watan Yuni, ƙasa da wata biyu kuɗinsu suka zama takarda. Kamfanin tarho na ƙasa ya yi asarar Yuro miliyan 897 da ya ranta wa gidan. Kimanin mutum dubu biyu da suka sayi takardun bashin a gishe sun shekara da shekaru suna zanga-zanga a ƙofar rassan bankin kafin a maido masu da wani kashi. Sauran nauyin ya hau kan mai biyan haraji, wanda bai ci ba bai sha ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An yanke wa Salgado ɗaurin shekara 6 a 2022 kan cin amana, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi 8 a 2023, amma babbar shari'ar rushewar bankin sai a watan Oktoba na 2024 aka fara ta, shekara 10 bayan ɓarnar.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa ita ce, da Salgado ya je neman gwamnati ta ceci kamfanonin gidan a 2014, firaministan lokacin, Pedro Passos Coelho, ya ƙi. Wannan ya nuna cewa ana iya cewa a'a. Sai dai a'ar ta zo bayan ruwa ya riga ya ci gari.

Kada kuma wani ya ruɗe mu da tatsuniyar da ke yawo a majalisu da wayoyin salula, cewa wai wata ƙabila ɗaya ko mabiya wani addini ɗaya ne ke juya kuɗin duniya a ɓoye. Wannan zance yana kawar da ido ne daga ɓarawon da ke kusa. Cutar ba ta da ƙabila. A Tunisiya, surukin shugaba Ben Ali, Sakher El Materi, shi ya buɗe bankin Zitouna a 2010, kuma Belhassen Trabelsi, ɗan'uwan matar shugaban, ya shiga majalisar gudanarwar Banque de Tunisie a 2008. Bayan juyin 2011, binciken Bankin Duniya na 2014 ya nuna cewa kamfanoni 220 na dangin shugaban su ke kwashe kashi 21 cikin ɗari na ribar kamfanoni masu zaman kansu a ƙasar. A Afganistan, lokacin da Bankin Kabul ya girgiza a 2010, cikin masu hannun jarinsa akwai ɗan'uwan shugaban ƙasa da ɗan'uwan mataimakinsa, kuma sai da babban bankin ƙasar ya zuba sama da dalar Amurka miliyan 800 domin rufe ramin.

Mu ma a nan Nijar mun ɗanɗana irin wannan, ko da yake namu bankin gwamnati ne, ba na wani gida ba. Dattawan kasuwa ba su manta da BDRN ba, bankin raya ƙasa da aka kafa a 1961. Lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa a ƙarshen shekarun 1970, an yi ta ba da bashi bisa sanayya da alfarma ba tare da isasshiyar jingina ba. Da farashin yuraniyom ya faɗi, bashin ya ƙi dawowa, aka rufe bankin a 1990, SONIBANK ta maye gurbinsa. A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Cikin waɗanda suka ci wannan bashi akwai manyan ma'aikata, akwai kuma manyan ƴan kasuwa. Ƙaramin ɗan kasuwar da ba shi da ubangida a Yamai, shi ne ya tarar an rufe masa ƙofar rance shekara da shekaru. Rushewar bankuna irin wannan a ƙasashenmu ita ta sa aka kafa hukumar sa ido kan bankuna ta ƙasashen UMOA a 1990, mai mazauni a Abijan.

Ba muna cewa zumunci laifi ne ba. Fataucinmu kansa a kan zumunci aka gina shi. Alhaji yakan aika ƙanensa Kano ko Kwatano da miliyoyi ba tare da takarda ba, yakan aurar da ɗiyarsa ga yaron shagonsa da ya ga amanarsa, kuma da haka gidaje da yawa suka tashi. Babu kuma dokar da za ta hana ɗan mai banki son ɗiyar minista. Bambancin shi ne, ɗan kasuwa da jarinsa yake caca, in ya karye shi ya karye. Mai banki da ajiyar wasu yake yi, minista kuma da harajin wasu. Uwar adashe ta fi kowa gane wannan. Ranar da ta ɗauki zubin mata ta bai wa ɗan'uwanta ya ja jari, ko da niyyarta mai kyau ce, ranar adashen ya fara mutuwa.

Saboda haka muna kira ga magabata da abubuwa uku. Na farko, kowane banki da kowace ma'aikatar ba da ƙaramin rance su liƙa sunayen manyan masu hannun jarinsu da mambobin majalisar gudanarwarsu a ƙofa, da Faransanci da harsunan ƙasa, kuma a karanta su a rediyo domin waɗanda ba su yi lakwal ba. Na biyu, dokar bankunan UMOA ta riga ta sa iyaka ga bashin da banki zai bai wa masu shi da shugabanninsa. Muna so a riƙa bin sawun wannan iyaka har zuwa kamfanonin matansu da ƴaƴansu da surukansu, domin da sunan waɗannan ake zagaye doka. Na uku, duk wanda aka naɗa minista ko mai sa ido kan bankuna, in yana da dangi na jini ko na aure cikin masu wani banki, ya bayyana a fili kuma ya janye hannunsa daga duk shawarar da ta shafi wannan bankin. Mutumin kirki ba ya jin tsoron wannan sharaɗi, sauƙi ma zai zame masa ranar da suruki ya zo da buƙata.

Ku kuma ƴan'uwa ƴan kasuwa, akwai abin da ke hannunku tun yau. Kafin ku kai kuɗi wuri, ku tambaya ko yana da izinin aiki daga hukuma, kuma su wa ke da shi. In aka ce maku kada ku damu, ai wurin na ɗan'uwan wane ne, to a nan ne ya kamata ku fara damuwa. Idan ma'aikacin gishe ya kawo maku wata takarda mai riba da ta fi ta kowa, ku tambaye shi dalla-dalla: ajiya ce ko bashi nake bai wa wani kamfani, kuma kamfanin na wane ne? Kada ku dangwala hannu sai wani naku mai karatu ya karanta maku. Ku sani kuma cewa tun 2014 ƙasashen UMOA sun kafa asusun lamunin ajiya, amma yana da iyaka: sefa miliyan 1 da jika 400 ga mai ajiya a banki, jika 300 ga mai ajiya a ma'aikatun ƙaramin rance da ke cikin tsarin. Wanda jarinsa ya wuce haka, hikima ita ce ya raba shi wuri biyu ko uku.

Wannan ba kira ba ne na a koma binne kuɗi a tukunya ko cusa su cikin katifa. Gobarar kasuwanni da ƴan fashin hanya sun riga sun koya mana darasin wannan. Muna buƙatar banki, kuma shi ma yana buƙatarmu, domin da kuɗin mai tiyar gero da mai tallar ƙuli-ƙuli da mai shagon kayan masarufi yake cika. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu sana'a suna da nauyin da za su iya zama da shugabannin bankuna da ƴan majalisa su yi waɗannan tambayoyi a madadin kowa, kamar yadda suke tashi tsaye in an ƙara kuɗin patanti ko na duwan. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Fotugal sun yi tambayar ne bayan an rufe gishe, mu gara mu yi tamu tun yana buɗe.

Allah Ya tsare mana guminmu, Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana.